Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ma'aikatar Ilimi da hukumar ilimin bai ɗaya (SUBEB) ta Jihar Bauchi: a tsayar da shekara shida

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, ni malamar firamare ce a nan cikin garin Bauchi. Bana shekarata 24 da alli a hannu, kuma mafi yawansu a aji ɗaya na yi su, ajin da malamai da dama ke gudu. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro: shekarun da ya kamata yaro ya fara zama a aji ana koya masa karatu da rubutu. A takarda an daɗe da yanke hukunci, shekara shida ce. A aikace kuwa abin ya zama ganin dama, kowane gida da kowace makaranta da tasu, kuma yaran ne ke kwana a ciki.

Duk watan Satumba idan an buɗe sabuwar shekarar karatu, nakan tsaya a bakin ƙofa in ƙare wa ajina kallo. A tabarmar gaba akwai 'yan rakiya, yara 'yan shekara uku da huɗu da suka biyo yayyensu saboda uwa ta fita nema, ko don babu wani ajin da za a kai su. Kafin a tashi tara wani ya yi barci, wani ya jiƙe wandonsa, sai an kira yayarsa daga aji huɗu ta zo ta wanke shi. Can baya a jikin bango akwai 'yan shekara tara da goma, wani lokaci har 11, sun takure gwiwoyinsu don kada su tokare na gaba. Malama ɗaya, darasi ɗaya. In na bi saurin manyan, ƙananan su ɓarke da kuka. In na tsaya lallashin ƙananan, manyan su gaji su koma leƙen taga. 'Yan shekara shidan da aka buɗe ajin dominsu suna tsakiya, kuma su ne suka fi kowa asara.

Ba sabuwar doka na zo roƙo ba. Manufar ilimi ta ƙasa, tun fitowarta ta farko a 1977, ta ajiye firamare ga yaro daga shekara shida. Bugun 2013 ya ƙara shekara guda ta share fage ga ɗan shekara biyar, ya ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki, 35 a firamare. Dokar ilimin bai ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta wa iyaye kai yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi a kan wannan aiki. Kula da ƙananan yara kafin firamare ma yana cikin abin da dokar ta ambata. Duk kun fi ni sanin waɗannan. Abin da nake da shi wanda ba ya cikin fayil shi ne abin da idona ke gani.

Bari in fara da cikin gidana. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce, tana fita tun safe, don haka ta sa jikata a wata makarantar kuɗi tana da shekara biyu da rabi. Ban hana ba, domin na san halin da take ciki. Wata ranar Talata na je gidan bayan magariba, babu wuta, na tarar da su a kan tabarma an jingina waya da bango tana haska littafi. An ba yarinyar aikin gida ta rubuta 1 zuwa 50. A lokacin shekararta uku da wata huɗu. Ta dunƙule fensir a tafin hannu kamar mai riƙe da muciya, uwar ta ɗora nata hannun a kai tana ja. Sun kai 17 kan yarinyar ya fara rinjaya. Da ta gan ni sai ta miƙo min hannun, ta ce, "Kaka, nan ciwo," tana nuna tsakanin babban yatsa da manuniya. Na karɓi fensirin na ajiye, na goya ta. Ba mu kai ƙofar ɗaki ba ta yi barci.

Ƙarshen zango aka ba su sakamako: ta zo ta 19. Uwar ta kira ni a waya muryarta a sanyaye, ta ce, "Umma, anya yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa kuwa?" Wannan tambaya ta fi komai yi min ciwo. Yarinyar da ke kawo tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi daga farko har ƙurunƙus, wadda ke biya Ƙulhuwallahu ba tuntuɓe, wadda in ka ba ta dabino bakwai ka ɗauke ɗaya za ta ce ka rage mata, ita ce wata takarda ta sa mahaifiyarta ta fara shakkar hankalinta. Yara nawa ne a Yalwa da Fadaman Mada da Nasarawa Jahun aka liƙa wa sunan daƙiƙi tun ba su daina shan yatsa ba?

Jikin yaro yana da nasa lokaci, kuma iyayenmu sun san shi ba tare da sun shiga kwaleji ba. Ni da kaina, da aka kai ni makaranta, hedimasta cewa ya yi in ɗora hannun dama ta saman kai in kamo kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai, a rubuta shi. Wanda bai kai ba, sai baɗi. Haka aka yi ta ɗaukar yara a zamanin UPE, shirin firamare kyauta ga kowa da aka ƙaddamar a 1976, lokacin da takardar haihuwa sai gidan wane da wane. Wajen shekara shida ne kuma yaro ke fara famfara. Kafin nan ƙasusuwan wuyan hannu da na yatsu ba su gama ƙwari ba, idon da hannun ba su gama sabawa da juna ba, zaman minti 30 wuri ɗaya kuwa azaba ne a gare shi. Abin da ɗan shekara uku zai shekara yana kuka a kansa, ɗan shekara shida a mako uku yake ɗauke shi yana dariya. Na ga haka sau ba adadi, musamman lokacin shirin Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar USAID ta Amurka, inda muka koyar da karatu da Hausa daga aji ɗaya zuwa uku. Yaron da ya zo a kan shekarunsa, ya ji darasi da harshen da yake mafarki da shi, kafin zango na uku yana haɗa baƙi da wasali da kansa. Wanda aka kawo da wuri sai ya haddace fasalin shafin, in ka rufe hoton ka nuna kalmar ya yi shiru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2019 game da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, da barcin awa 10 zuwa 13, kuma kada a riƙa zaunar da shi wuri ɗaya na dogon lokaci. Ku auna wannan da yaron da ake tasa da asuba, a cusa shi a Keke Napep da jaka a baya, ya zauna a benci har ƙarfe ɗaya, ya wuce Islamiyya da yamma, ya dawo ya tarar da aikin gida.

Makarantar allo da wasu ke rainawa ta fi mu fahimtar wannan. Ƙaramin yaro yana bin yayyensa, ya zauna a gefe yana ji. Da baki ake fara biya masa Fatiha da gajerun surori, ya yi ta maimaitawa cikin amon sauran. Sai an ga ya natsu ake sa shi a babbaƙu, daga nan farfaru. Ko a nan ma malam ne ke rubuta masa allo. Alƙalami da tawada sai hannunsa ya nuna. Kunne da baki ne a gaba, hannu yana biye. A addini ma haka tsarin yake. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Imam Bukhari kuma, a babin da ya yi kan lokacin da jin yaro ke inganta, ya kawo Mahmud bin Rabi'u yana tuna ranar da Annabi ya fesa masa ruwa a fuska yana ɗan shekara biyar. Ɗan shekara biyar yana ji yana riƙewa, amma ba a ɗora masa umarni sai ya ƙara girma. In salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, an jira yaro ya kai bakwai, me ya sa muke ganin rubuta 1 zuwa 50 ba zai iya jiran shida ba?

Na san amsar da za a ba ni, domin masu makarantu da iyaye sun sha faɗa min: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, kuma ban ce a bar yaro yana gararamba a lungu har ya kai shida ba. Shekarun farko su ne mafi tsada a rayuwarsa. Amma abin da yake bukata a cikinsu shi ne a yi masa magana, a saurare shi, a ba shi tatsuniya da kacici-kacici, ya yi waƙa da tafi, ya gina ɗaki da ƙasa, ya ƙera motar kara, ya ƙirga tsakuwar carafke, ya koyi jiran layi da raba abu da ɗan'uwansa. Wannan duk karatu ne, kuma shi ne harsashin da aji ɗaya ke hawa kai. Uwar da ke fita aiki tana da haƙƙin samun wuri mai aminci da za ta ajiye ɗanta. A kira wurin gidan reno, a yi reno a cikinsa. Masu kafa hujja da ƙasashen waje su duba da kyau: Faransa ta wajabta makaranta daga shekara uku tun 2019, amma koyar da karatu gadan-gadan sai a ajin 'yan shekara shida. A Finland sai yaro ya kai bakwai yake shiga aji ɗaya, bayan shekara guda ta share fage.

Gaggawar ba ta tsaya a nazare ba. Yaron da aka sa aji ɗaya yana da shekara huɗu, a makarantun kuɗi da yawa ba ya ganin aji shida. Daga aji biyar, wani ma daga huɗu, ake tura shi sakandare. Yana da tara yana ƙaramar sakandare, wataƙila a makarantar kwana, cikin 'yan shekara 13 da 14, bai iya wanke kayansa ba balle ya kare kansa. Yana da 15 ya gama. Sai a zo a yi karo da ƙa'idar shiga jami'a. Kun tuna hayaniyar 2024, lokacin da ministan ilimi Farfesa Tahir Mamman ya ce sai 18, kafin Dakta Tunji Alausa da ya gaje shi ya mayar da ita 16. Ko a 16 ɗin ma yaranmu da yawa ba su kai ba, sai ka ga uba ya nufi kotu neman takardar rantsuwa don a ƙara wa ɗansa shekara. Ƙaryar da aka fara da ita ke nan a rayuwar yaron ta hukuma, kuma da hannun mahaifinsa. Lissafin tsarinmu a bayyane yake: shiga a shida, gama firamare a 12, ƙaramar sakandare a 15, babba a 18. Duk rigimar da ake yi a ƙofar jami'a, a ƙofar aji ɗaya aka ƙulla ta.

Ranku ya daɗe, duk abin da na faɗa zuwa nan matsalar masu hali ce. Wadda ta fi ta girma, ta fi ta yawan mutane, tana ɗaya gefen, kuma ba ta da mai yi mata magana a rediyo.

Kafin a dawo da ni cikin gari na yi shekara biyar a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ganjuwa. A can ba a kawo yaro da wuri, sai dai a makara. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Makaranta tana da nisa, akwai rafin da ke cika da damina, uwa ba za ta saki ɗan shekara shida ya bi wannan hanya ba sai ya yi ƙwari. Akwai kiwo, akwai reno, akwai talla. Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba: yaron da bai samu abinci mai gina jiki ba yakan tsumbure, ɗan shekara takwas ka gan shi kamar ɗan biyar. Iyayensa ba su rubuta ranar haihuwarsa ba, ido kawai ake bi, sai a yi ta cewa bai isa ba. A irin wannan yaro gwajin kama kunne ma zaluntarsa yake yi.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Ya zo aji ɗaya yana da kamar shekara 11, bayan ƙaninsa ya karɓe shi a kiwon awaki. Ban taɓa koyar da mai saurin ɗauka kamarsa ba. Lissafin da nake yi da tsinke shi a ka yake yi. Amma yaran suka sa masa suna Baban Aji. In na ce kowa ya tashi a yi waƙar haruffa da tafi, sai ya sunkuyar da kai ya ƙi tashi, kunya ta hana shi. Ranar da wani malami ya tsawata masa a gaban ƙananan, na ga yadda fuskarsa ta canja. Da ruwan farko ya sauka aka fita shuka, bai sake dawowa ba. Na je gidansu sau biyu. A na biyun mahaifinsa ya ce min, "Malama, ki yi haƙuri, ya girmi ajin." Ban iya musa masa ba, domin ba ni da wani ajin da zan ba shi.

Ga 'ya mace abin ya fi tsanani. Wadda ta shiga a shida tana gama firamare a 12, ta iya karatu da rubutu, tana da damar taka sakandare kafin maganar aure ta taso. Wadda ta shiga a goma, tana aji huɗu ko biyar za a fara sallama da ita a ƙofar gida. Ba ta kai ga takardar firamare ba, kuma sau da yawa karatun bai zauna ba. Kowace shekara da aka jinkirta a farko, daga ƙarshen karatunta ake yanke ta. UNICEF ta daɗe tana ambaton yara kimanin miliyan 10.5 'yan shekara 5 zuwa 14 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma jiharmu na cikin waɗanda ake yawan kira idan ana wannan lissafi. Da yawansu ba ƙin makaranta aka yi a gidajensu ba; ana jiran su isa ne, har lokacin ya wuce.

Ga abin da nake roƙo. Na farko kuma mafi muhimmanci, a fitar da sanarwa guda da ta hau kan makarantun gwamnati da na kuɗi a duk ƙananan hukumomi 20: aji ɗaya na wanda ya cika shida ne, ko zai cika a cikin zangon farko. A tabbatar da shekarun da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, in babu a karɓi katin rigakafi. Kada rashin takarda ya zama dalilin korar yaro. A rubuta shi, a taimaka wa iyayen su samo. Kuma tunda babu jaririn da ake raɗa wa suna ba liman ba mai unguwa, a nemi masarautunmu su sa a riƙa ajiye littafin suna a kowace unguwa. Bayan shekara shida wannan littafin ne zai gaya wa hedimasta ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Sai ajin 'yan shekara biyar. A mayar da shi aji na gaske a kowace firamare, da ɗakinsa da tabarmarsa da malamarsa, domin 'yan rakiya su samu wurin zuwa su bar aji ɗaya ya yi aikinsa. Ba ya bukatar kayan waje. Marafan kwalba, tsakuwa, kara, yumɓu da bakin malama mai tatsuniya sun isa a fara. Amma kada a tura wa wannan aji malamin da aka rasa inda za a kai shi. Kwalejojin ilimi na Azare da Kangere suna yaye masu takardar shaidar malanta ta NCE kowace shekara. A zaɓo masu haƙuri da son yara, a horar da su kan wannan mataki, a ɗauke su aiki dominsa. A yi ajin da harshen da yaran ke ji, Hausa ko Fulfulde ko wanda ya fi rinjaye a wurin.

Ga makarantun kuɗi, a zauna da ƙungiyarsu ta NAPPS a yi magana ta fahimta, domin da yawansu iyaye ne ke matsa musu, kowa na son a ce ɗansa ya riga na maƙwabci. In doka ta hau kan kowa, babu wanda zai ji tsoron a kwashe masa ɗalibai. A hana aikin gida na rubutu da jarrabawa da jera yara na ɗaya zuwa na ƙarshe ga duk wanda bai kai biyar ba. A hana tsallake aji shida, kuma kada wata sakandare ta karɓi yaron da ba shi da shaidar ya zauna a cikinsa. Masu duba makarantu in sun je, bayan rajista da bandaki, su buɗe jakar ɗan nazare su ga abin da ke ciki.

Waɗanda suka riga suka makara kuma, kada a ce su zauna da 'yan shida ko su koma gida. A ware musu aji nasu, ko da na yamma ne, a haɗe musu karatun shekara uku a cikin ɗaya ko biyu, sannan a sa su a ajin sa'anninsu. Suna da saurin ɗauka, kunya ce kawai ke korarsu. A ƙauyukan da ke nesa da makaranta, ko rumfa ce a kafa ta aji ɗaya da biyu a cikin gari, yaro ya fara a kan lokaci kusa da uwarsa, in ya yi ƙwari ya bi hanyar babbar makarantar.

Roƙona na ƙarshe mai sauƙi ne. A makon farko na sabuwar shekarar karatu, ku turo jami'anku, ko ku zo da kanku ba tare da sanarwa ba, ku shiga aji ɗaya a makaranta uku: ɗaya a cikin gari, ɗaya ta kuɗi, ɗaya a ƙauyen da mota ke wahalar shiga. Ku sa a rubuta shekarun kowane yaro a gefen sunansa, ku tafi da takardun ofis ku ajiye su gefe da gefe. In kun zo tawa makarantar, ajina ne na farko daga hannun dama, kusa da bishiyar darbejiya.

Allah ya yi muku jagora, ya raya mana zuri'a.

Taku,
Malamar aji ɗaya,
Bauchi.